Sabon kaya ya fita kasuwa sai ga matsala: in yi shela ko in gyara a ɓoye?

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina cikin wani hali, shawara nake nema. Wata 5 da suka wuce na tattara ɗan abin da nake da shi na yi odar fawabank guda 400 daga Chana, aka buga sunan shagona a jiki. Wannan ne karo na farko da na ɗora sunana a kan kaya. Sun iso sati 3 da suka wuce, na yi talla iya ƙarfina, zuwa yau an sayi 260. Shekaranjiya wani ya dawo da nasa ya kumbura, na canza masa, ban kawo komai a raina ba. Jiya wata baiwar Allah ta zo da nata a ƙulle cikin leda, gefe ɗaya ya narke. Ta ce a kan katifa ta jona shi ta shiga kicin, warin roba ne ya dawo da ita, ta tarar zanin gado ya fara ci, kuma jaririnta yana barci a ɗakin. Ta nuna min hoton katifar. Yau da safe na buɗe kwalayen da suka rage, na sami guda 2 sun fara tasowa tun ba a taɓa jona su ba. Daren jiya ban runtsa ba. In sanar da kowa ne, ko in riƙa canza wa duk wanda ya dawo da shi?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Nura, kwantar da hankalinka. Na kusa shekara 30 a kasuwa, babu kwantenar da na taɓa saukewa ba a sami ɓatacce a ciki ba. Guda 4 cikin 400 ba abin tayar da gari ba ne. Wanda ya dawo da shi ka ba shi haƙuri, ka canza masa, ka haɗa masa da wayar caji kyauta. Amma kada ka kuskura ka hau sitatus da wannan maganar. Ka san kasuwarmu, kafin la'asar wani ya ɗauki hoton rubutunka ya watsa. Magana zarar bunu ce. Yaro ne kai, yanzu ka fara gina suna.

Hajiya Binta: Alhaji, ranka ya daɗe, da girmanka amma a nan ban bi ka ba. Da a ce abin ba ya riƙe caji ne kawai, sai in ce a bi shawararka. To wuta ake magana. Akwai mutum sama da 250 da suke kwana da wannan abu a gefen matashinsu a yanzu da muke rubutun nan, ba su san komai ba. Ni uwa ce. In na ji daga baya cewa mai shago ya sani ya yi shiru, wallahi ba zan yafe ba.

Usman mai gyara: Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani. A cikin irin wannan batir akwai faranti biyu da aka naɗe tare, tsakaninsu wata siririyar leda ce kawai ta raba su. In ledar ta huje, ko an matse naɗin ya lanƙwashe, farantan suka taɓa juna, zafi ne zai tashi, zafin kuma ya ƙara haifar da wani zafin har ya kai ga wuta. Kumburin da kake gani iska ce ta taru a ciki saboda sinadarin ya fara lalacewa. Abin da ya fi tayar min da hankali a bayaninka shi ne guda 2 da suka taso a cikin kwali. Waɗannan ba wanda ya jona su da caja mara kyau, ba wanda ya yar da su ƙasa. Ke nan daga masana'anta matsalar take, kuma tunda zubi ɗaya ne, ba ka da hanyar gane mai lafiya da ido. Yau ɗin nan ka fitar da ragowar daga shago, ka ajiye su a fili kan ƙasa ko yashi, a inuwa, nesa da kwali da fetur. Kada yaranka su huda wanda ya kumbura.

Nura: Na gode Yaya Usman, yanzu zan sa a fitar da su.

Alhaji Garba: Wannan na yarda da shi, a daina sayarwa. Shelar ce ban yarda da ita ba.

Sadiya: Baba Alhaji, bari in kawo abin da ya sami Samsung a 2016, don kusan duk tambayar da Nura yake yi sun ci karo da ita. Ranar 19 ga Agusta suka fara sayar da Galaxy Note 7, ana ta yabon wayar. Sati biyu kacal, ranar 2 ga Satumba, shugaban sashen wayoyinsu Koh Dong-jin ya fito gaban 'yan jarida a Seoul ya ba da haƙuri, ya ce sun tabbatar da matsala a waya 35, sun dakatar da sayarwa, za su canza kusan miliyan 2.5 da suka riga suka fita. Ku duba lissafin: 35 cikin miliyan 2.5. Na Nura 4 ne cikin 400, ɗaya cikin ɗari ke nan, ya ninka nasu nesa ba kusa ba. Duk da haka ba su ce kaɗan ne ba, saboda wuta ce.

Alhaji Garba: To 'yata, shelar ta cece su? Ni dai abin da na tuna shi ne wayar ta mutu murus, har a jirgin sama aka hana shiga da ita. Kuma Samsung suna da rumbun da za su ɗebo su cike ramin. Nura wa zai cike masa?

Sadiya: Gaskiya ne Baba, wayar ta mutu. Amma ba shelar farko ce ta kashe ta ba, har yaba musu aka yi a lokacin saboda saurin fitowa. Abin da ya kashe ta alkawari na biyu ne. Kamfani biyu ne suke yi musu batir. Da suka ga matsalar a na kamfanin farko, sai suka yanke cewa na ɗayan lafiyarsa ƙalau, suka matsa masa ya ninka aiki, suka fara raba sababbin wayoyi suna ce wa mutane waɗannan babu abin tsoro. Har alamar batir suka mayar kore a fuskar wayar don a gane sabuwa. Ranar 5 ga Oktoba aka fitar da fasinjoji daga wani jirgin Southwest a Louisville ta Amurka kafin ya tashi, saboda waya tana hayaƙi, kuma cikin sababbin da aka canza ce. Ranar 11 ga Oktoba suka daina ƙera ta gaba ɗaya, kwana kaɗan bayan nan Amurka ta haramta shiga jirgi da ita.

Sai a 23 ga Janairun 2017 suka fito da cikakken bayani, bayan injiniyoyi 700 sun gwada waya 200,000 da batir 30,000, da kamfanonin bincike na waje guda uku. Ashe matsala biyu ce daban. Batir na farko kusurwarsa ce ta matse ta lanƙwasa farantin ciki. Na biyu kuma tsinin walda ne yake huda ledar tsakiya, wasu ma ba a sa musu tef ɗin kariya ba. Mutum ya yafe maka karo na farko, ya tako ya zo ya karɓi canji, canjin ya kama wuta a aljihunsa. A nan ne amana ta karye.

Nura: Innalillahi. Anti Sadiya, ni shekaranjiya na canza wa mutumin farko da wani daga kwalin nan dai. Kuma wanda ya yi min odar ya ce masana'antar za ta aiko da wasu 100 a madadin, har na fara tunanin in ce wa mutane su jira sababbi.

Usman mai gyara: Kira mutumin nan yanzu ka karɓo. Su kuma 100 ɗin, ka tambaye su me ya lalace a na farko da me suka canza. In ba su ba ka amsa takamaimai ba, kada ka ba kowa.

Hajiya Binta: Ka ji ko. Kada ka yi alkawarin abin da ba a hannunka yake ba.

Musa Maraɗi: Salamu alaikum. Nura, ni ne na sari guda 40 a wajenka ranar Litinin da ta wuce. Na sayar da 27 a nan Maraɗi, wasu an wuce da su ƙauye. Tun shekaranjiya ka san da wannan magana, lambata tana wayarka, amma sai a zaure nake karantawa tare da kowa? Da ban buɗe waya ba yau da na ci gaba da sayarwa. Jiya ma na ba ƙanen matata guda ɗaya.

Nura: Yaya Musa, ba ni da bakin magana. Wallahi kaina ne ya ɗaure, hankalina ya tafi kan masu zuwa shago, ban tuna da 'yan sari ba. Laifina ne. Ka yi haƙuri, yanzu zan kira ka.

Musa Maraɗi: Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Su mutanen nan ba su san ka ba, ni suka sani. Fuskata suka gani suka saya.

Sadiya: Abin da Malam Musa ya faɗa shi ne ya sami Samsung a Chana. Da suka yi kiranyen farko ba su haɗa da mafi yawan wayoyin da ke can ba, suka ce batir ɗinsu na ɗaya kamfanin ne. Da wasu 'yan ƙasar suka nuna wayoyinsu sun ƙone, kamfanin ya ce bincikensa ya nuna zafi ne daga waje. Gidan talabijin na gwamnatin ƙasar ya zarge su da nuna bambanci tsakanin mutanensu da na Amurka. Sai a watan Oktoba suka janye kusan 190,000 a can. Ba zan ce wannan kaɗai ya karya su a Chana ba, don Huawei da Xiaomi da Oppo sun riga sun taso musu, amma zuwa 2019 sun rufe masana'antar wayarsu ta ƙarshe a ƙasar. Wanda yake nesa, in ya ga an fara kula da na kusa an bar shi, ba ya mantawa.

Malam Idi: Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama. Alhaji Garba, na san tausayin yaron ne ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, Allah ya saka. Sai dai a shari'a wannan ba wurin zaɓi ba ne. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Lokacin da Nura ya sayar bai san da aibin ba, babu zunubi a kansa. Amma yanzu ya sani. Mai saye kuma yana da haƙƙin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa in aibin ya riga ciniki. Balle aibin da zai iya cin rai.

Alhaji Garba: Allah gafarta Malam, na ji, kuma ba na jayayya da hadisi. Na janye maganar yin shiru. Amma ina nan a kan abu ɗaya: akwai bambanci tsakanin sanar da wanda ya saya da yi wa duniya shela. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya. Me ya kawo sitatus?

Hajiya Binta: Nura, mutum nawa kake da lambarsu?

Nura: 'Yan sari 6 ne, sun ɗauki 130 a tsakaninsu, duk ina da lambarsu. Cikin sauran 130 ɗin, waɗanda suka yi oda ta WhatsApp ko suka turo kuɗi ta banki ba za su wuce 70 ba. Ragowar sun zo ne suka ba da kuɗi hannu suka tafi.

Hajiya Binta: To Alhaji ka gani. Mutum 60 ba yadda za a same su sai ta inda aka yi musu talla. Inda ka ɗaga murya ka ce su zo su saya, nan za ka ɗaga ta ka ce su dawo da shi.

Alhaji Garba: Shi ke nan. Amma ya fara kiran 'yan sari da masu lamba tukuna, kada wani ya sake ji a bakin duniya kamar Musa.

Nura: Ga abin da na rubuta, ku duba min: "Muna sanar da abokan cinikinmu masu daraja cewa an sami 'yar ƙaramar matsala a wasu ƙalilan daga fawabank ɗinmu, musamman ga masu amfani da caja mara inganci. Duk wanda ya ga wata alama yana iya tuntuɓar mu. Mun gode da fahimtarku."

Hajiya Binta: A'a Nura. In na karanta wannan zan duba nawa in ga bai kumbura ba, in mayar da shi ƙarƙashin matashi. Ina kalmar wuta? Ina "ku daina amfani da shi"?

Usman mai gyara: Kuma cire maganar caja. Kai da bakinka ka ce guda 2 a kwali suka taso.

Sadiya: Wannan layin na caja shi ne mafi haɗari a rubutun. A 2010 da iPhone 4 ta fito, mutane suka lura in ka riƙe ta ta gefen hagu na ƙasa sabis yana sauka, saboda eriyar a jikin ƙarfen gefen take. Amsar farko da ta fito daga Apple ita ce mutane su guji riƙe ta haka ko su sa mata riga. Maganar ta fi matsalar kanta ɓata wa mutane rai, don an mayar da laifin kan hannun wanda ya biya kuɗi. Ƙarshe dai ranar 16 ga Yuli shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya kira taron 'yan jarida aka ce za a raba rigar kyauta. Su sabis ne kawai yake sauka. Kai kuma matar da katifarta ta ƙone za ta karanta ta ga kana cewa cajarta ce.

Ka faɗi abin da ya faru da adadinsa, ka ce ba ka gano dalili ba tukuna, ka faɗi abin da za su yi a daren nan, sannan abin da kai za ka yi da ranar da za ka yi shi. Kuma ka yi da muryarka, da yawa ba sa karanta dogon rubutu.

Nura: Matsalar ranar ita ce kuɗi. Naira 14,000 nake sayarwa ɗaiɗai, sari 12,000. In kowa ya dawo da nasa ana maganar sama da miliyan 3. Na riga na biya bashin da na ci na odar, na biya hayar shago. Abin da ke hannuna bai kai miliyan 1 ba.

Musa Maraɗi: Ni nawa ka bar shi zuwa ƙarshe. Zan biya mutanena daga aljihuna, mu yi lissafi daga baya. Amma ka rubuta min a takarda.

Alhaji Garba: Allah ya yi maka albarka Musa. Nura, saurara, wannan fagena ne. Kada ka ce "a zo a karɓi kuɗi" alhali ba ka da su, ranar da mutum na 50 ya zo ka ce ya dawo gobe, ka rushe duk abin da ka gina da shelar. Ka sayi littafin rasit sabo. Duk wanda ya kawo, ka karɓa ka rubuta masa, ka ba shi zaɓi: ko ya ɗauki wani kaya na daidai kuɗinsa a shago yanzu, ko ya karɓi kuɗi a ranar da ka rubuta. Da yawa za su ɗauki kaya, kai kuma a farashin sari ya tsaya maka. 'Yan sari ka zauna da kowanne ku yanka lokaci. Matar nan kuma kada ka jira ta sake zuwa. Ka sayi katifa da zanin gado, ka sami babba ya raka ka, ku je ku sami maigidanta. In ba ka da wanda zai raka ka, ni zan je. Gobe bayan azahar ka biyo ta shagona mu ga abin da zan iya ranta maka.

Nura: Alhaji, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Ban san me zan ce ba.

Malam Idi: A rubuta bashin da shaidu, Alhaji, ko da tsakanin uba da ɗa ne.

Sadiya: Ƙari ɗaya. Mutane ba sa son dawo da abin da yake yi musu aiki. Samsung sai da suka kafa tebura a filayen jirgi, suka aika wa mutane akwatunan da ba sa cin wuta har da safar hannu, suka tura wa wayoyin sabuntawar manhaja da ta hana batir cika, a wasu ƙasashen ma ta hana shi caji ɗungurungum, kafin suka ce kashi 96 cikin ɗari sun dawo. Kai ba ka da hanyar kashe naka daga nesa. Saƙo ɗaya ba zai isa ba, sai ka maimaita, kuma ka riƙa faɗin inda aka kwana ko da babu sabon labari.

Nura: Salam. Ga inda ake zuwa daren yau. Na kira 'yan sari duka, 5 sun fahimta, ɗaya ya zage ni ya kashe waya, zan je wajensa da kaina. Cikin masu lamba na sami 52. Na saki saƙon murya bayan magariba, na ce 4 sun lalace, ɗaya ya kama wuta, ban san dalili ba tukuna, kowa ya cire nasa daga caji ya fitar da shi daga ɗakin kwana. Alhaji, abin da ka faɗa ya faru, an ɗauki saƙon ana yawo da shi a kasuwa, wani ma ya haɗa da hoton shagona. Mutum 19 sun kawo nasu kafin in rufe, ɗaya a ciki ya fara kumbura mai shi bai lura ba, a jakar makarantar 'yarsa yake. Masana'antar har yanzu ba ta amsa tambayar Yaya Usman ba.

Musa Maraɗi: Na karɓo 16 cikin 27, har da na ƙanen matata. Na ƙauye sai ranar kasuwa. Usman, in haɗa su a kwali in ba direba ya kawo Kano?

Usman mai gyara: Kada ka sa su a but ɗin mota cikin wannan zafin, ga kaya a danne a kai, ga fasinja. Ka bar su a nan wajenka, kowanne daban, a cikin bokitin ƙarfe da yashi, a inuwa. Ka ɗauki hotonsu da lambar da ke jikin kowanne ka turo wa Nura, ita zai nuna wa masana'anta. Nura, kai kuma ka kawo min guda 2 cikin waɗanda ba su kumbura ba gobe da safe, zan buɗe su a waje in ga irin batir ɗin da aka sa a ciki.